Robot a kan ƙwallo ɗaya: gyara moto da taya kafin ka taɓa PID

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka gama robot mai taya biyu da ke tsayuwa da kansa, yanzu kana so ka ɗora shi kan ƙwallon kwando, kana tambaya ko Arduino Uno (ƙaramin allon da ke sarrafa robot) da MPU6050 (sensar da ke auna karkata) da L298N (direban da ke ba moto wuta) da ƙananan motocin nan masu ruwan ɗorawa za su isa. MPU6050 riƙe abinka, Uno ma zai ja a farko. Motocin da L298N kuwa, ajiye su gefe.

Ɗauki ɗaya daga cikin motocin, ka kama tayar ka ɗan murɗa ta hagu da dama. Za ka ji tana wasa kafin giyar ta kama. Wannan wasan ne ke kayar da yawancin masu wannan aiki, su kuma su yi ta canza lambobin PID (lissafin da ke gaya wa moto yadda zai gyara karkatar robot) suna zargin kod. Robot a kan ƙwallo yana sauya alkiblar moto sau da yawa cikin daƙiƙa guda, kuma duk sauyi sai ya ratsa wannan giɓin kafin ƙwallon ya motsa. Mai taya biyu gaba da baya kawai yake faɗuwa, shi ya sa ya yafe maka. Wannan ta kowace fuska yake zubewa. Ga L298N yana cinye kusan volt 2 ya mai da shi zafi. Nemi moto mai giyar ƙarfe da enkoda (na'urar da ke ƙirga juyin moto), da direba irin TB6612 in motocin ƙanana ne, ko BTS7960 in manya ne.

Hanyoyin juya ƙwallon biyu ne sanannu. Ralph Hollis na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, wanda ya fito da nasa robot ɗin wajen 2006, rola ya sa suna murza ƙwallon daga gefe. Masaaki Kumagai na Jami'ar Tohoku Gakuin a Japan ya yi robot mai suna BallIP a 2008 da tayoyin omni uku (tayoyin da ke iya zamewa ta gefe ma) da motocin stepper (masu juyawa taki-taki), a kan ƙwallon bowling da aka lulluɓe da roba. Ɗaliban jami'ar ETH Zurich a Switzerland ma tayoyi uku suka bi da robot ɗinsu Rezero a 2010. Ni hanyar Kumagai nake ba ka shawara: tayoyi uku, digiri 120 tsakaninsu, a karkace kamar digiri 45, nauyin robot ɗin da kansa ke danna su kan ƙwallon.

Ƙwallon kwando zai yi, amma ka cika shi da iska ya yi tauri sosai, in ba haka ba tayoyin za su lotsa shi, robot ya riƙa tsalle-tsalle. Sannan ƙura. Lokacin hunturu na sha ganin robot da ya tsaya lafiya da safe, da yamma tayoyin suna sulɓi. Goge ƙwallon da tayoyin da ɗanyen tsumma kafin kowane gwaji.

Kada ka yi shi gajere don tsoron faɗuwa. Gwada tsayar da muciya a tafin hannunka, sannan ka gwada biro, za ka ga dogon abu ya fi ba ka lokacin gyara. Sa batir a sama. Sensa kuma a tsakiyar jiki, da ɗan soso a ƙarƙashinta saboda girgizar moto.

A kod, PID biyu za ka yi, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na gefe, ka raba sakamakonsu ga motoci uku da lissafin sine da cosine. Madaukin kod ɗin (loop) ya riƙa juyawa kamar sau 200 a daƙiƙa, babu umarnin jira na delay() a ciki. Kusurwar karkatar robot kaɗai ba ta isa ba. In ba ka dawo da gudun ƙwallon daga enkoda cikin lissafin ba, zai tsaya tsaf amma ya yi ta gangarawa har ya daki bango.

Kafin ka ɗora shi, kifa robot ɗin tayoyi a sama, ka aza ƙwallon a kansu, ka ba da umarnin gaba. Ƙwallon ya juya miƙe ba tare da ya murɗe ba. In ya murɗe, alamar plus ko minus ta wani moto ta juye. Gwajin farko kuma ka ɗaure shi da igiya daga sama, a ɗan sake. Turo mana hoton motocin da kake shirin saye da rpm ɗinsu (yawan juyinsu a minti), mu duba kafin ka kashe kuɗi.