Ka bar mana ita ne, ko kana riƙe da ita?

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Tambayarka ta iso. Ka ce gardama ta kaure tsakaninka da abokan aikinka a Yamai, wai mene ne bambancin wanda ya yi sakaci da nasa da wanda ya yasar da su, kuma wanne ne al'adarmu ta Damagaram ta fi ɗauka da nauyi. Da na karanta sai da na murmusa, don a zamaninmu yaro ba ya zama yana tantance laifi biyu kamar zai zaɓi ɗaya. Amma murmushin bai daɗe ba. Kakanka yakan ce, ba mai tambayar iyakar gona sai wanda garmarsa ta kusa kai ta. Shi ya sa na ce ba zan amsa maka a tsaye ba.

In don maganar baki ce, ai kai ma ka sani. Wanda ya yasar ya juya baya, ya cire hannunsa, kowa ya ga ya tafi. Mai sakaci yana nan, sunansa na kan abin, bai ce ya bari ba, bai kuma yi ba. Ka dubi gidajen ƙasa na Birni. Akwai kangon da masu shi suka watse, wannan ko yaro ya wuce ya san ba kowa. Akwai kuma gidan da mai shi ke kwana ciki, damina ta zo ta wuce bai yi yaɓe ba, indararo ya toshe bai hau ya duba ba, har ruwa ya jiƙa azara. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin nan da ita, ba ranar da aka taru aka ce an bar ta. Shekara ce ke bin shekara ba a gyara ba, ga abin da ya rage kana gani. Tsofaffin da na tarar kuwa, in suna zancen 1926 da Nasara suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai, cewa suke an yasar da Damagaram, don wannan rana ɗaya aka yi shi kowa na kallo.

Bari in ba ka labarin shekarar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El Buhari. Ruwa ya ƙi, gero ya bushe a tsaye, ga shi Nijeriya ta rufe iyaka tun watan Afrilu, hanyar Kano da muka saba samun sauƙi ta nan ta toshe. Mutanen Damargu da na wajen Tanut suka cika bakin gari, dabbobinsu sun ƙare. Ni lokacin ina saurayi, ina zaune gaban kakanka a rumfar dukanci, mahaifiyarka ko aure ba ta yi ba.

A lungunmu akwai mata biyu. Ta farko yarinya ce mai goyo, mijinta ya tafi cin rani Kurmi tun kafin a rufe iyaka, ba saƙo ba labari. Wannan kowa ya san an yasar da ita. In an sauke tuwo a gidanmu, komai ƙanƙantarsa, kakarka sai ta yanki nata. Da aka zo rubuta sunayen masu karɓar dawar taimako, mai unguwa da ita ya fara. Daga baya waliyyinta ya kai magana gaban alƙali. Ka san a mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓace, in ya bar mata abin ci, shekara 4 ake yanka mata daga ranar da ta kai ƙara aka yi cigiya ba a same shi ba, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. In kuwa bai bar komai ba, ba a ɗaure ta da wannan dogon jira. Alƙali ya ba da wa'adi, ya raba auren saboda rashin ciyarwa. Haka aka yi mata. Ta sha wuya, ba na ce ba ta sha ba, amma gari ya ɗauke ta.

Ta biyun tsohuwa ce, muna ce mata Iya. Ɗanta babban ɗan kasuwa ne a Zango, ya je Makka, yana da kanti. Ranar rubuta sunaye da aka zo ƙofarta, sai wani ya ce, ai wannan uwar Alhaji ce. Aka wuce. Ba wanda ya yi don mugunta. Kai ma da kana wurin haka za ka ce. Ba mai aika mata akushi, don kai wa uwar mai kuɗi sadakar tuwo zagin ɗanta ne. Kuma kullum da maraice muna ganin hayaƙi na tashi daga gidanta.

Wata rana kakanka ya gama gyara mata takalmi, ya ce in kai. Na yi sallama na shiga ba tare da na jira ba, don gidan kamar namu ne. Na same ta a durƙushe bakin murhu. Tana ganina ta jawo faifai ta rufe wata ƙwarya da sauri, amma na riga na gani. Anza ce ta jiƙa. Kai ba ka san ta ba. 'Ya'yan wani icen daji ne masu ɗacin tsiya, sai an kwana da kwanaki ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ba mai nemansu sai rumbu ya ƙare. Tukunyar da ke kan wuta kuwa murfinta a karkace yake, na leƙa, ruwa ne zalla ke tafasa. Wutar take hurawa don maƙwabta su ga hayaƙi. Na dubi hannunta da ta miƙo karɓar takalmin, awarwaron da na san yana kama ta ya gangaro har gwiwar hannu.

Ta ce mini magani take dafawa. Da ta ga ban motsa ba, sai ta kama bakin rigata ta ce, don girman Allah kada ka faɗa wa kowa, kada a zagar mini yaro, yana aikowa. Kuma gaskiya ta faɗa, yana aikowa. Duk ƙarshen wata yakan ba yaron kantinsa kuɗi ya kawo. Sai dai kuɗin na lokacin da tiyar gero ke da araha ne, bai taɓa zama ya lissafa ba, kuma akwai jikoki marayu biyu na 'yarta da ta rasu, su take ba ɗan abin da ta samu.

Na koma rumfa na kasa zama. Kakanka ya dube ni sau ɗaya ya ce, me ka gani? Na faɗa masa. Bai ce uffan ba. Ya soke basilla a jikin fata, ya wanke hannu, ya shiga gida ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in biyo shi. Da ƙafa muka tafi daga Birni har Zango cikin rana tsaka, yana gaba ina baya.

Alhajin na ganinsa ya taso da fara'a, ya sa a shimfiɗa darduma, a kawo ruwa. Kakanka ya ƙi zama, ruwan ma bai taɓa ba. Akwai mutane a kantin, sai ya ja shi gefe, amma ni ina jin su. Ya ce, tambaya ɗaya ta kawo ni. Uwarka, ka bar mana ita ne, ko kana riƙe da ita? In ka bar ta, ka faɗa gaban shaidu yau, mu mutanen lungu mu ɗauka, ba za ta kwana da yunwa ba. In kuwa kana riƙe da ita, to sunanka ya tare ƙofa, ya hana kowa shiga, kai kuma ba ka shiga ba.

Mutumin ya fara rantsuwa, wallahi Baba duk wata ina aikawa, a kira yaron nan a tambaye shi. Kakanka ya ce, ban ce ba ka aikawa ba. Yaushe rabonka da ka buɗe tukunyarta? Ya yi shiru. Yakan tsaya ranar Juma'a a zaure, ta leƙo su gaisa, ta ce lafiya lau, ya wuce. Da ya ji maganar anza sai ya zauna a kan buhu ya rufe fuska da hannun riga. Kafin magariba amalanke ya shigo lungunmu da gero, shi da kansa yana biye a ƙasa. Iya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, tana ganin na tona asirin ɗanta. Ta rayu shekaru bayan nan, Allah ya ji ƙanta.

A hanyar komawa ne kakanka ya ce mini, wanda aka yasar gari ke renonsa, wanda aka yi wa sakaci shi kaɗai ke kwana da abinsa. Kakarka ita kuma nata zancen kullum shi ne hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi ya sa a da ko ɗan da ya lalace ba a cewa an cire shi daga dangi, kuma mai yasar da iyalinsa ba ya samun wanda zai ba shi aure cikin sauƙi a unguwa. Wannan abin kunya ne a fili, yana da alƙali, yana da hukunci. Ɗayan kuwa wa zai kai ƙara? Uwa ba ta kai ɗanta. Shari'a ta wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa in ba su da shi, amma ban taɓa ganin tsohuwar Birni ta tsaya a fada tana neman haƙƙinta a kan abin da ta haifa ba. Wanne ya fi nauyi a wurin Allah, wannan ka kai wa malamai.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kun samu abin da ya sauƙaƙa muku zama irin Alhajin nan. Ka shiga Nita ko Al Izza ka tura jika ashirin, ka ɗauki hoton takardar ka aiko ta WhatsApp, ka ji ka sauke nauyi. Ka kira, a ce maka lafiya lau, ka kashe waya. Wace uwa ce za ta ce wa ɗanta a waya ba lafiya ba? Mu an koya mana zumunta a ƙafa take, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Ban raina kuɗin ba, ana bukatarsu, Allah ya ƙara buɗi. Na kuma san Yamai da nisa, wajen kilomita 900, mota ta tashi da asuba sai dare. Amma mutanen da suka yi fataucin Kano da jakuna suna dawowa gida su ga nasu.

Mahaifiyarka ba ta aiko ni ba, in ta ji na rubuta wannan ma faɗa za ta yi mini. Sallah ta wuce, wata ta sake wucewa, ba ta gan ka ba. Idonta na hagu ya fara yana, ba ta iya zura zare a allura sai ta kira yaran maƙwabta, kuma ta hana a faɗa maka. Ya kamata a kai ta likita a duba tun bai yi nisa ba. Ɗakinta na gabas kuma bangon ya tsage daga sama, ba zai ɗauki wata damina ba. Na yi magana da magini, ya ce a tanadi ƙasa da ramno kafin hadari ya fara haɗuwa. Ka nemi izini wurin aiki, ka sanar da ni ranar da za ka taso, in sa a fara kwaɓa ƙasar.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Kawunka.