Tambaya da Amsa: Tallan ɗaki da na aiki a Sakkwato, wanne za a yarda da shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo min kusan duk magana ɗaya ce, ɗakin haya da aikin yi, kuma ban yi mamaki ba tunda lokacin komawa makaranta ne. Sakkwato garin ɗalibai ne ko da ba mu cika kallonta haka ba, ga jami'ar Usmanu Danfodiyo tun 1975, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2009, ga Poli ta Umaru Ali Shinkafi a Farfaru, ga makarantar ilimi ta Shehu Shagari, ga kuma 'yan bautar ƙasa da ake turo mana duk shekara. Kowannensu na neman inda zai sa haƙarƙarinsa da ɗan abin da zai riƙa taɓawa. Da can talla a allon sanarwa ake liƙa ta ko jikin falwaya ko a kai gidan rediyon Rima, ka san wanda ya liƙa ko ka san wanda ya san shi. Yanzu ta koma cikin waya, kowa ma zai iya rubutawa daga ko'ina. To bismillah.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni sabuwar ɗaliba ce daga Tambuwal, na samu gurbi a Danfodiyo amma ban samu gado a hostal ba. Sai na ga talla a wani guruf na WhatsApp, ɗaki ne mai banɗaki ciki, da tayil da fanka, wai kusa da makaranta, hotunan wallahi masu kyau, dubu 120 a shekara. Na kira lambar mutumin ya ce shi ejen ne kuma mutum uku na son wanga ɗaki, in har ina so in tura dubu 40 kafin alƙalami ya riƙe min kafin gobe. Babana gero ya saida ya ba ni kuɗin. Mi kika gani Anti, in tura?

AMSA: Ɗiyata kar ki tura, ko naira ɗaya. Ban ce mutumin ɓarawo ba ne don ban san shi ba, amma ke ma ba ki san shi ba, kuma nan matsalar take. Wannan maganar ta "mutum uku na so, ki yi sauri kafin gobe" da ita ake hana mutum tunani, wanda ke da ɗaki na gaskiya a lokacin da ɗalibai ke tururuwa ba ya buƙatar ya matsa wa yarinyar da ba ta ma shigo gari ba. Hoto kuma ba shaida ba ne, ana kwaso shi a Facebook daga tallan wani gida na Abuja ko Kaduna a manna.

Ki shigo mota ki zo, Tambuwal zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce, kuɗin motar zuwa da komawa bai kai rabin abin da ake so ki tura ba. Kar ki je ke kaɗai, ki tafi da yayanki ko kawunki, in babu ki nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku a makaranta, tsofaffin ɗalibai sun san kowane gida da halin mai shi. Ki ce wa ejen ɗin ya buɗe ɗakin da makulli a gabanki, sannan ya haɗa ki da mai gidan ido da ido. In ya fara kame-kame wai mai gida ya yi tafiya wai makulli na wurin wani, ki yi masa godiya ki juya.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. Shekarun baya na raka ɗiyar ƙanwata duba wani ɗaki a ɗaya daga ƙauyukan da ke hanyar jami'a, lokacin rani ne, ɗakin tsaf an sha sabon fenti, yarinya har ta fara lissafin inda za ta aje katifa. Ni kuwa na zagaya baya na ga wani layi mai duhu a jikin katanga daidai gwiwata, ya bi bangon tun daga farko har ƙarshe. Na tambayi wata tsohuwa da ke tankaɗe a gidan da ke kusa, ta ce "ai nan ruwa ka tsayawa in damina ta yi ƙarfi." Dillalin bai faɗa mana ba, mu ma da ba mu tambaya ba da shikenan. Wannan yankin na su Kwalkwalawa fadamar gulbin Rima ce, manya na tuna ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a har zuwa makaranta ya gagara. Saboda haka ki dubi ƙasan bango, ki dubi silin ko akwai tabon yoyo, kuma ki tambayi maƙwabta, musamman mata, su ba su da la'adar da za su kare.

Sai ruwa. Ki tambaya rijiya ce ko burtsatse ko sai an sayi na 'yan garuwa, don ɗakin da kika ga ya yi araha in kika haɗa kuɗin jarka na shekara zai iya fin mai tsadar. Sai wuta, mita ce ko bil ake rabawa, kuma ko akwai tsohon bashin Kaduna Electric a kan gidan, kar ki tare a zo a yanke a ce ku haɗa ku biya abin da ba ku sha ba. Ki dubi taga ma, kin san zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu ya kan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin mai taga ɗaya ba a iya karatu cikinsa. Sannan "kusa da makaranta" ɗin nan ki auna shi da ƙafarki, mazaunin jami'a na dindindin yana wajen gari can wajen Dundaye, wani ɗakin da za a ce miki kusa ne sai kin hau kabu-kabu sau biyu kullum, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kin san yadda kuɗin abin hawa ya koma. Ke mace ce, ki duba ko gidan na mata ne zalla, ko akwai get da ake rufewa da dare, wa ke riƙe da makulli.

In komai ya yi miki, to a zauna a rubuta. Mutanenmu na jin nauyin wannan, wai kamar ba ka yarda da mutum ba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta kuɗin, da ranar farawa da ranar ƙarewa, da wanda gyara ke kansa, da la'adar dillali wadda yawanci kashi 10 cikin 100 ce kuma sai ciniki ya faɗa ake ba shi. Ki sa a rubuta yadda za a yi in aka tafi yajin aiki, don a 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai da yawa hayarsu ta ƙare suna gida, suka dawo aka ce sabon lale. Kuɗin kuma ki tura asusun mai gidan da sunansa, ki karɓi rasit, shaidu biyu su sa hannu. Allah ya ba da sa'ar karatu, ki gaishe min da baba, gero ba a banza ake noma shi ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Na gama bautar ƙasa wata bakwai ke nan ina zaune a Mabera ba abin yi. An turo min sanarwa wai wata ƙungiyar agaji na ɗaukar ma'aikata a Sakkwato da Kebbi, albashi dubu 250, amma sai an biya dubu 15 na fom da horo, kuma a tura NIN da BVN. Abokaina biyu sun biya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba amma zaman ya ishe ni.

AMSA: Ƙanena zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Na san zafin zaman nan, ka tashi da safe ka rasa inda za ka, ƙannenka na kallonka, shi ya sa masu wannan sana'a ke samun kasuwa. Amma wanda zai biya ka dubu 250 a wata me zai yi da dubu 15 ɗinka? Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa sayar da fom, suna sa guraben a shafinsu na intanet kuma da yawansu har rubutawa suke ƙarara cewa ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki. Haka ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, yawanci ta shafin da adireshinsa ya ƙare da gov.ng ake cikewa, ba ta lambar wani mutum ba.

BVN ɗin ya fi dubu 15 ɗin ba ni tsoro. Lambobi 11 ne amma duk asusunka na banki a ɗaure suke da su, in aka haɗa da NIN da ranar haihuwarka sai a kira ka a ce daga banki ne, karanto mana lambar da ta shigo wayarka yanzu, kana karantawa an kwashe. Wani kuma bashi zai ciyo da sunanka. Ka gaya wa abokanka in sun riga sun tura su je bankinsu yau ba gobe ba, kuma su aje alat ɗin tiransifa da hirar da suka yi, EFCC na da ofis a nan Sakkwato, ko su kai wa 'yan sanda.

In ka ga tallan kamfani, ka shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buga sunan, duba rajista kyauta ne. Ka tambayi ina ofishinsu yake ka taka ka je. 'Yan mata kuma da ke karanta wannan, duk intabiyun da aka ce a ɗakin otal za a yi ko bayan magariba, ku bar shi.

Ayyukan da ake samu da gaske a garin nan ba su da wannan ƙyalƙyalin, koyarwa ce a makarantun kuɗi, zaman shagon POS, kemis, lesin na yara a gida. Albashinsu kaɗan ne ba zan ɓoye maka ba. Mafi ƙarancin albashi a doka dubu 70 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, to yawancin waɗannan wuraren abin da kuka daidaita shi ne. Don haka ka yi maganar kuɗi tun ranar farko, nawa ne, ranar nawa ga wata, ana biya lokacin hutu ko ba a biya, kar kunya ta sa ka ce "duk abin da aka ba ni." Ka riƙe ƙaramin kana neman babba.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibar Poli ce ina ƙunshi da kitso, yayana kuma yana taifin da firintin. Muna sa talla a sitatus amma shiru. Ya za mu yi?

AMSA: Madalla da ku, kun burge ni. Sitatus ɗinki waɗanda ke da lambarki kaɗai ke gani, su kuma sun riga sun sani. Ki roƙi duk wadda kika yi wa ƙunshi ta ɗora hoton hannunta da lambarki, hannu kawai ban da fuska, nata mutanen ne sabbin kwastomominki. Tallan ya zama gajere, me kike yi, a ina, nawa ne, yaushe ake samunki. Ki rubuta farashi, mutane na gudun tallan da sai sun tambaya. Kar ki sa adireshin ɗakinki, kuma in aikin gida aka kira ki ki tafi da ƙawa. Yayanki shi takardar talla a bakin get ɗin makaranta da wajen masu fotokwafi ta fi masa, musamman ƙarshen zango lokacin furojet. Amma ki ja masa kunne, za a zo a ce ya rubuta wa mutum furojet gaba ɗaya a biya shi da tsoka, kar ya karɓa, taifin daban rubuta wa wani karatunsa daban, in aka kama har korar ɗalibi ake yi.

TAMBAYA: Malama, ni dattijo ne ina da ɗakuna huɗu da nake ba ɗalibai haya a Gidan Igwai. Jikana ya nuna min hoton gidana a waya ana tallarsa da lambar da ban sani ba, alhali duk ɗakunan da mutane ciki. Ina tsoron a cuci ɗiyan mutane da sunan gidana.

AMSA: Baba Allah ya saka da alheri da kuka damu da ɗiyan da ba ku ma sani ba. Ku sa jikan naku ya ɗauki hoton tallan da lambar kafin a goge, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa gidan kakansa ne kuma babu ɗaki, ya kuma sanar da mai kula da guruf ɗin. Ku kuma Baba ku shaida wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun yanzu, don ranar da wani zai zo da rasit na ƙarya yana neman makulli a san kun riga kun kai magana. Sannan a samu fenti a rubuta a jikin katanga da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, cewa babu ɗakin haya a gidan nan, mai tambaya ya ga mai gida da kansa. In ɗaki ya tashi nan gaba ku fara gaya wa ɗaliban da ke ciki, su za su kawo muku ɗan ajinsu da suka sani.