Amsa: Me ya sa kare ke yawan mutuwa a littattafan yara?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da marubuta ke yawan haɗa yaro da kare, da abin da ya sa karen kan mutu a ƙarshe, har kina tunanin hana ɗanki mai shekara bakwai irin waɗannan littattafai.

A ganina, kare yana ba yaron cikin labari abin da manya ba sa ba shi. Ba ya yi masa faɗa, ba ya kai ƙararsa, ba ruwansa da sakamakon jarrabawa. Ga shi kuma yaron ne babba a tsakaninsu: shi ke ba da abinci, shi ke fita nema in karen ya ɓace. Yaron da kullum ake ce masa zauna, tashi, nan ya samu mai jin maganarsa. Batun mutuwa kuwa, kare bai cika wuce shekara 10 zuwa 13 ba, sau da yawa shi ne rashin farko da yaro ke gani, marubuta kuma sun san haka.

Amma ba duka ke ƙarewa da kuka ba. A Lassie Come-Home na Eric Knight, wanda ya fito a 1940, talauci ya sa iyayen wani yaro mai suna Joe suka sayar da karyarsa Lassie, aka kai ta Sukotilan, ta taka ɗaruruwan mil ta dawo masa da ranta. Old Yeller na Fred Gipson, na 1956, shi ne mai ɗaci: kerkeci mai ciwon hauka ya ciji karen, dole yaron ya harbe shi da hannunsa. Wannan kam ki ajiye shi sai ya ƙara girma, kuma ki fara karanta shi ke kaɗai tukuna.