Tambayi Tela: Awon da Telanki Ke Aiki da Shi Ya Tsufa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 49, haihuwata shida. Shekara uku ke nan ban ɗinka kayan da na sa na ji daɗinsu ba. In aka yi mini riga da siket, sai ta kama ni a ciki da damtse, in na zauna zif kamar zai ɓalle. In na ce a sake ta, sai a yi mini buhu, in fito kamar na ari kayan kakata. 'Yata ta ce in bar mata zaɓen ɗinki, amma duk abin da take nuna mini a Instagram na 'yan mata ne. Yanzu haka atamfa huɗu ke cikin akwati, na kasa kai su ɗinki don gudun asara. Abin da ke ɗaure mini kai, nauyina bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Ina mafita?
*Wata malama, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in yi miki tambayar da nake yi wa duk wadda ta shigo shagona da irin wannan kuka: yaushe rabon da a ɗora miki tef? Ba sai kin faɗa ba, na san amsar. Yawancinmu ba ma yarda namijin tela ya auna mu, kuma da gaskiyarmu. Sai mu ɗauko wata tsohuwar riga mu ba yaro ya kai tare da atamfar, da saƙon "ka yi daidai wannan, amma ka ɗan ƙara." To wannan "ɗan ƙara" ita ke cinye miki atamfofi. Tela bai san inda zai ƙara ba. Ko ya ƙara ko'ina a samu buhu, ko ya ji tsoro ya ƙara rabin inci a samu matsattsiya. Wata kuma awonta na nan a littafin tela tun ɗinkin sunan autanta, alhali autan yanzu yana sakandare.

Maganar nauyi da kika yi, ba ke kaɗai ba ce. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne mafi yawan mata ke daina al'ada, kuma a wannan tsakanin kitsen jiki yakan canza mazauni, ya bar cinya da ƙugu ya taru a ciki. Sikeli zai ce miki kina nan yadda kike, amma zif zai ƙaryata shi. Ƙirji ya sauko, damtse ya cika, bayan wuya ya ɗan yi tudu. Ni ma da nake rubuta wannan na bi ta nan, kuma sai da na ɓata leshina guda da hannuna kafin na yarda cewa ni ma sai an auna ni.

Saboda haka abu na farko, ki sayi tef, ba shi da tsada, ki sa 'yar taki ta auna ki a ɗaki. A nan ne take da amfani, ba wajen zaɓen ɗinki ba. Ta rubuta faɗin kafaɗa, ƙirji, ƙasan ƙirji, ciki a daidai inda ya fi tudu, mazaunai, damtse, tsawon hannu da tsawon riga. Awon ciki a yi shi sau biyu, kina tsaye da kina zaune, a ba tela wanda ya fi yawa. Kuma don Allah kada ki ɗauke numfashi. Akwai wata Hajiya da nake wa ɗinki, da zarar ta ga tef sai ta shanye ciki kamar mai shirin nutso, in ta zo karɓa kuma ta ce na rage mata yadi. Yanzu in zan auna ta sai in ja ta da hirar jikokinta har ta manta.

Ki sa rigar mamar da za ki riƙa sa kayan da ita kafin a yi awon. Wannan magana ce da muke jin nauyin yi, amma rabin rigunan da ake kawo mini gyara, laifin ba na ɗinkin ba ne, na rigar mamar ne. Ta shekara biyar, robarta ta saki, ƙirji ya sauko ya haɗe da ciki, jiki ya koma curi guda. In aka ɗaga shi ya koma wurinsa, sai ki ga wani ɗan lotsawa ya bayyana a ƙasansa. A wurin yawancin mata masu shekarunmu, nan ne ya fi ko'ina siranta, ba wajen cibiya ba. To nan ya kamata riga ta ɗan kama, daga nan ta sake ta sauka ba tare da ta taɓa ciki ba.

Amma uwar ɗinki ita ce kafaɗa. In ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗarki, ko da ƙasan rigar ya buɗe, za a ce kin yi shiga ta girma. In ya zame ya sauko kan damtse, ko Holan ce kin zama mai aron kaya. Kuskuren telan da ke miki buhu ke nan: don ya sama wa ciki wuri, sai ya faɗaɗa har kafaɗa, wadda ba ta ƙaru da komai ba. Ki ce masa kafaɗa a bar ta a awonta, ƙarin a yi shi daga ƙasan hammata.

Ga abin da zan yi da atamfofin nan huɗu da a ce nawa ne. Ɗaya doguwar riga mai buɗewa ƙasa kamar harafin A. Ɗaya riga da zani, domin zani ba ya rigima da kowa, yau kin ci tuwo kin ƙoshi ki sassauta, gobe kina azumi ki ja. Ɗaya riga da siket, amma ba siket ɗin nan da ke matse gwiwa ya baje a ƙasa ba. Wannan mai ɗaukar hoto aka yi wa, ba mai hawa adaidaita sahu da safe ba. A yi miƙaƙƙe ko mai ɗan buɗewa, a sa roba a bayan ƙugun kawai, gaba a bar shi a shafe. Ta huɗun ki ajiye ta tukuna har ki ga wanne ya karɓe ki.

Tsawon riga: kada ta tsaya a daidai inda kika fi faɗi, don nan ido zai tsaya. Ta wuce mazaunai kaɗan. Hannu kuma ya wuce gwiwar hannu, a bar wa damtse aƙalla inci biyu na sakewa. Ke da kike wuni kina rubutu a allo, ki kula da yankan hammata. Mutane suna zaton in aka zurfafa shi an fi sakewa, alhali shi ke sa duk rigar ta biyo hannu ta ɗage in kin miƙa. A yi shi daidai, faɗin a sa shi a hannun. Wuya mai ɗan tsawo zuwa ƙasa ya fi zagayayyen da ke shaƙe maƙogwaro, tun da mayafi zai rufe in za ki fita.

Sai zanen atamfar. Kafin a sa almakashi ki shimfiɗa ta gaban tela ku duba tare inda manyan furannin za su faɗa. Na taɓa ganin wata a gidan biki da ƙaton zagayayyen zane ya zauna mata daram a tsakiyar ciki, wani kuma a baya, kamar an yi da gangan. Zane mai tafiya a tsaye yana ƙara tsawo. Launi kuwa, ban yarda da masu cewa mace in ta doshi hamsin sai baƙi da ruwan ƙasa ba. Wa ya ce? Iyayenmu da muka taso muka gani, da jan zani da ɗorawa suke zuwa suna, kuma ba wanda ya raina su.

Hotunan da 'yarki ke nuna miki, ki kalla ki yaba ki wuce. Yawancinsu an ɗaure cikin da abin matsi, an tsaya a karkace, ba a zauna ba, ba a yi ruku'u ba. Ke kuwa in kin je karɓar ɗinki, kada ki yarda a miƙo miki a leda. Ki sa, ki zauna a kujera, ki ɗaga hannu biyu, ki sunkuya kamar mai ruku'u, ki ɗaga ƙafa kamar za ki hau mataki. Inda ya ja, a gyara kafin ki cika kuɗi. Ki kuma roƙi tela ya bar miki inci guda a cikin kowane gefe don gaba. Ki fara da wadda ta fi araha cikin huɗun, kuma ki kai yanzu, kada ki bari sai goman ƙarshe na azumi, lokacin da mu teloli ba ma gane ko 'ya'yanmu.

Tambaya: Anti, na sayi abaya ta intanet, na zaɓi lamba 58 don ina da jiki. Da ta zo sai ga ta tana sharar ƙasa, amma ta matse ni a ƙirji. An cuce ni ne?
*Mai karatu, Maraɗi*

Amsa: Ba a cuce ki ba, 'yar'uwa, ba a dai yi miki bayani ba. Lambobin nan na abaya, 52, 54, 56, 58, tsawo ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba. Ki tsaya da takalmin da kika saba fita da shi, a auna daga kafaɗa zuwa idon sawu, abin da ya fito shi ne lambarki. Faɗin kuma ki tambayi mai sayarwa ta auna ƙirjin rigar ta turo miki, ya fi naki da inci huɗu ko fiye. Wadda ke hannunki, tela zai iya yanke ƙasan ya tsaga gefe ya ƙara da abin da ya yanke, in ba duwatsu aka jera a bakin ba.

Tambaya: Hajiya, shekarata 52. Kwanan nan zafi ke taso mini haka kawai, gumi ya jiƙa ni ko da fanka. Ga bikin ɗan yayata ya matso, an fitar da ankon leshi mai nauyi. In ban yi ba a ce na raina biki. Yaya zan yi?
*Wata uwa, Gusau*

Amsa: Hajiya, wannan zafin na daina al'ada ne a mafi yawan lokuta, amma in ya hana ki barci ko ya zo da bugun zuciya, ki ga likita, wannan ba aikin keke ba ne. Nawa aikin shi ne yadi. Auduga tana shan gumi tana barin iska ta ratsa; yadin roba kuwa riƙe zafi yake kamar an sa ki a leda. Yawancin leshin anko masu araha na roba ne, kuma abin da ya fi shi muni shi ne shafin da ake sa masa, wannan mai sheƙi mai santsi. Tun da leshin ya zama dole, ki saya ki yi zumunci, amma shafin ki zaɓa da kanki: farin yadin auduga marar nauyi, ko mai launin leshin. A yi miki bubu ko doguwar riga sakakkiya, kada a sa shafi a hannu, kada a ɗora duwatsu a ƙirji. Kuma ki tafi da kayan canji. Ba dokar da ta ce a wuni cikin anko bayan an gama hotuna.

In kina son ki gane auduga, ko a Kantin Kwari kike ko a kasuwar garinku, sunan da ke jikin takarda ba hujja ba ne. Holan ta gaske kamfanin Vlisco ke yin ta a garin Helmond na ƙasar Holan, shaddar Getzner kuma daga Ostiriya take zuwa, amma an daɗe ana buga irin tambarinsu a kan kayan da ba su taɓa ganin Turai ba. Ki zare ɗan zare daga bakin yadin ki kanga masa ashana. Auduga takan ci ta bar toka mai laushi, da ƙauri irin na takarda. Roba takan narke ta dunƙule ta yi tauri, da warin leda. A gida za ki yi wannan, ba a gaban mai shago ba, kada ya ce za ki ƙona masa dukiya. Kuma in audugar ce, ki jiƙa ta ki shanya a inuwa kafin ki kai ɗinki, don takan ɗan tsuke a wankin farko.