Ya Ce Ya Bayar, Ɗayan Ya Ce Bai Karɓa Ba: Wa Mai Bincike Zai Gaskata?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa. Ina ta karanta binciken da ake yi kan zumunci da taimakon juna a al'ummomin 'yan asalin ƙasa, irin su Hadza na Tanzaniya da Inuit na Kanada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akan tambayi mutum wa yake ba abinci, ya ambaci wane. Idan aka je wurin wanen aka ce wa ke ba ka, sai ya lissafa mutanensa ba tare da ya ambaci na farkon ba. To wa ya yi ƙarya a cikinsu? Kuma ta yaya za a dogara da irin wannan bincike?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu. A mafi yawan lokuta babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da aka yi daban, abin da mutum yake ɗauka a ransa game da dangantakarsa da wani daban, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita kanta abin nazari ce. Kada ki ɗauke ta a matsayin dattin da za a share daga bayanai.

Wannan matsala ba a daji aka fara gano ta ba. Tun daga 1976 Russell Bernard da Peter Killworth suka riƙa gwada ta a Amurka, a tsakanin ma'aikatan ofis da ɗalibai da kurame masu amfani da na'urar aika rubutu ta waya. Sukan rubuta wa ya yi magana da wa, daga baya su tambayi mutanen. Abin da suka ƙarƙare a kai shi ne, kusan rabin abin da mutane ke faɗa bai dace da abin da aka gani ba. Sai a 1987 Linton Freeman da abokan aikinsa suka nuna cewa mantuwar tana da tsari. An tambayi mahalarta wani taron ƙara wa juna sani su wa suka zo zaman ƙarshe, sai suka riƙa ambaton waɗanda suka saba zuwa ko da ran nan ba su zo ba, suka manta da masu zuwa jefi-jefi ko da sun zo. Wato kin tambayi mutum abin da ya faru jiya, shi kuma ya ba ki labarin yadda aka saba.

Yanzu ki ɗora al'ada a kan wannan, domin nan ne aikin yake. Kafin ki ƙirga taimako, sai kin san me mutanen ke kira taimako. A wurin Maasai na Kenya da Tanzaniya akwai amintakar da ake kira osotua: ba ka roƙo sai kana cikin buƙata ta gaske, wanda aka roƙa kuma yana bayarwa matuƙar yana da hali, kuma babu maganar bashi ko lissafi a ciki. Lee Cronk ya yi wani gwaji a Kenya, wanda ya wallafa a 2007, inda aka ba mutane kuɗi su miƙa wa wani abin da suka ga dama. Da aka ce musu wannan wasan osotua ne, sai abin da suke miƙawa ya ragu. Mai gaggawa zai ce sun yi rowa. Amma fassarar da ta fi dacewa ita ce, babu wanda ya nuna yana cikin buƙata, saboda haka sharaɗin bayarwa bai cika ba. Da kin tambayi irin wannan mutum wa yake bi bashin alheri, zai iya ce miki babu kowa, alhali yana da amintattun da za su kora masa shanu ranar da fari ya cinye nasa.

A Ostireliya kuwa, Nicolas Peterson ya bayyana a 1993 cewa a tsakanin 'yan asalin ƙasar, rabo yakan faru ne ta hanyar nema kai tsaye: ɗan'uwa ya ce ba ni, a ba shi, domin haƙƙinsa ne. Wanda ya karɓi haƙƙinsa ba lallai ya lissafa shi a matsayin taimako ba, amma wanda abin ya fita daga hannunsa yana tune. Kin ga inda saɓanin da kika gani yake iya fitowa. Ga kuma kunya, wadda mu ma mun san ta: magidanci ya fi sakin baki ya ce ya bayar fiye da ya ce an ciyar da shi.

To me ake yi? Na farko, a tambayi ɓangarorin biyu, mai bayarwa da mai karɓa, kamar yadda Elspeth Ready ta yi gida-gida a ƙauyen Inuit na Kangiqsujuaq da ke arewacin lardin Kebek na Kanada, kan rabon naman farauta da kifi. Idan amsoshi suka saɓa, kada a ce duk alaƙar da mutum ɗaya ya ambata tabbatacciya ce, kada kuma a ce sai wadda biyun suka amince da ita kawai. Hanya ta farko tana kumbura zumuncin, ta biyu tana tsuke shi. Yanzu akwai hanyoyin lissafi da ke ƙiyasta wane ne mai yawan ƙari, wane ne mai yawan mantuwa, kafin a zana taswirar alaƙar.

Wata hanyar ita ce a sa mutane su aikata maimakon su faɗa. Coren Apicella ta yi haka a binciken da aka wallafa a 2012, da manya 205 a zangon Hadza 17 kusa da tafkin Eyasi. An ba kowa 'yan sandunan zuma 3 ya raba wa wanda ya so a asirce, aka kuma nuna masa hotuna ya zaɓi waɗanda yake son zama da su a zango na gaba. A wani wasa na daban da ya auna yawan bayarwar kowa, an ga masu yawan bayarwa suna haɗe da masu yawan bayarwa. Amma da aka koma shekaru daban-daban, sakamakon 2018 ya nuna mutum ɗaya yana iya zama mai hannu sake bana, baɗi ya zama akasin haka, gwargwadon halin zangon da ya samu kansa. Ziyara ɗaya da ta sa an yanke wa mutane hukuncin da ba nasu ba.

Ni a ganina, babban abin da ido ba ya kamawa shi ne zumuncin da ke kwance. Polly Wiessner ta zauna da Ju/'hoansi na Botsuwana a shekarun 1970, ta bi diddigin hxaro, musayar kyautar duwatsun ado da kayan amfani tsakanin aminai, wasunsu da nisan da ya kai kilomita 200. Kina iya yin wata shida ba ki ga ko loma ta wuce tsakaninsu ba. Ranar da abinci ya yanke a yankin, wurin waɗannan aminan ake ɗaura kaya a tafi. Idan kin dogara da abin da kika gani kaɗai, wannan alaƙa babu ita a takardarki. A bakin mutane kawai za ki same ta. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa a watsar da abin da mutane ke faɗa. Idan wata rana kika yi aiki da Woɗaaɓe a Nijar, za ki tarar da irin haka a haɓɓanaye, aron saniyar da mutum ke riƙewa har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita. Tambayar "wa ya taimake ka a makon jiya" ba za ta taɓa tono ta ba.

Sai maganar amana, kuma ina roƙon ki riƙe ta da kyau. A wannan bincike kowa yana ambaton sunayen waɗansu da ba su ba da izini ba. A ƙauye mai gida ɗari, ko kin goge sunaye, da an ga taswirar an san gidan da babu wanda ya ambata. Al'ummomin sun daɗe suna kokawa da masu zuwa su kwashi bayanai su tafi. 'Yan asalin Kanada sun shimfiɗa ƙa'idar cewa mallakar bayanai da ikon sarrafa su nasu ne, al'ummar San ta Afirka ta Kudu kuma sun fitar da dokokin bincikensu a 2017. Saboda haka ki nemi iznin shugabanni da na kowane mutum, ki tsara tambayoyin tare da 'yan gari cikin harshensu, ki adana sunaye a wuri daban da amsoshi, ki koma ki gaya musu abin da kika samu a dunƙule. Taswirar gida-gida kuwa, kada ki kafa ta a bainar jama'a.