Tsaunukan Jamaika da Gahawar da Ake Sayar Muku da Sunansu

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa ɗanta yana aikin jinya a Kingston, babban birnin Jamaika. Ya gaya mata zai hau tsaunin Blue Mountain da abokan aikinsa, wai da tsakar dare za su tashi, ita kuma tun da ta ji barci ya ƙaurace mata.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Haka masu hawa wurin suke yi: misalin ƙarfe 2 na dare suke kama hanya don su isa ƙololuwa kafin rana ta fito, in sama ta washe har Kiyuba ake hangowa. Tsayin tsaunin mita 2,256 ne, cikin gandun dajin Blue and John Crow da aka buɗe a 1993, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Ba zaki, ba kura. Santsi da hazo da sanyi ne abin tsoro. Ki ce masa ya ɗauki ɗan jagora, ya sayi takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa da tocila mai kyau, ya kuma kula da lokacin guguwa, daga Yuni zuwa Nuwamba. Kada ya kuskura ya saki hanya. A wannan surƙuƙin ne bayin da suka tsere, Maroon, ƙarƙashin jarumarsu Nanny, suka gagari sojojin Ingila har aka yi sulhu wajajen 1740. Dajin da ya ɓoye mutane shekara da shekaru, ɓatar da baƙo ba zai yi masa wuya ba. Allah ya tsare miki shi.

Wani saurayi daga Kano yana so ya sayar da filin gadonsa ya je ya hau tsaunin nan, saboda hotunan da ya gani a Instagram. Kada ka soma. Chappal Waddi da ke gandun Gashaka Gumti a Taraba mita 2,419 ne, ya ma fi shi tsayi, kuma ba ka buƙatar biza.

Wani kuma, da ya ji Blue Mountain na nufin shuɗin tsauni, yana tambaya ko duwatsun shuɗaye ne da gaske, ko za a iya sayo masa guda ya sa a zobe. Hazo ne daga nesa, Malam. A riƙa tausaya mana da tambaya.

Sai wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wata 'yar'uwa daga Abuja ta ga mai sayarwa a WhatsApp tana tallar “gahawar Blue Mountain ta asali” a leda, niƙaƙƙiya, kuɗinta bai kai na babban gwangwanin Nescafé biyu ba. Tana so ta saya wa maigidanta.

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Gahawar da doka ta yarda a kira da wannan suna, a wani ɗan yanki kaɗai ake nomanta, tsakanin mita 910 zuwa 1,700 a kan tsaunin, a gundumomi huɗu: St Andrew, St Thomas, Portland da St Mary. Sama da nan daji ne. Gangare ne mai tsini, da hannu ake tsinkar 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, JACRA, hukumar kula da amfanin gona ta Jamaika, ta tantance, a zuba a gangar katako a fitar. Ɗan abin da ake samu, Japan ke kwashe mafi yawansa tun shekaru da dama, kuma tana cikin gahawa mafi tsada a duniya. To ta yaya ta tsallake duk waɗannan ta faɗo ledar mai WhatsApp a wannan farashi? Araha ba ta ado.

Dabarar 'yan jabu ba ta wuce biyu zuwa uku ba. Wasu su rubuta “blend” ko “style” da ƙananan haruffa a gefe, ma'ana ɗan barbaɗe aka yi a kan gahawa gama-gari, ko ma babu ko ƙwaya. Wasu kuma sun san akwai irin shuka mai wannan suna da ake nomawa a Kenya da wasu ƙasashe, sai su fake da shi. Sauran kuwa buga takarda kawai suke yi su manna. Abin da ke ba ni haushi, mu ne ke ba su ƙofa. Mace za ta tsaya rabin awa tana murza atamfa, tana duba bakinta ko Holan ce ta gaske, amma abin da za ta ɗura wa mijinta a ciki, da ta ga sunan Turawa shi ke nan, ta tura kuɗi.

In dole sai ita, ki nemi wadda aka rubuta 100% Jamaica Blue Mountain, da hatimin hukuma, da sunan kamfanin da ya soya, da ranar suya. Ki sayi ƙwaya, ba gari ba, don gari komai ana iya cusa masa. In kuwa daɗin baki kawai maigida ke nema, gahawar Habasha mai kyau ta ishe shi, ki jefa masa citta da kanumfari.