Tambaya da Amsa: Awa goma sha biyu a motar is'af, ina kuɗin ƙarin lokacina?

Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Shara Mansur, ina aiki a motar is'af ta wani asibiti mai zaman kansa a nan Makka. Ƙa'idar aikinmu awa 8 ce, amma kullum sai mun yi 12, kwana shida a mako, kuma ko riyal ɗaya ba a ƙara mana. Ɗan yayana da ke Amurka ya ce a can 'yan kwana-kwana masu jinyar gaggawa sun sha kai ƙarar hukumomin birane a kan irin wannan, suna cin nasara. Mu ma za mu iya bin sawunsu? Gundarin albashina riyal 3,000 ne, da alawus 600.
Daga wani mai karatu, Makka.

Wa alaikumus salam ɗana. Ɗan yayanka bai yi ƙarya ba, amma rigimarsu daban, taka daban, kuma taka ta fi sauƙi.

A Amurka dokar ƙwadago ta 1938 ta ce duk wanda ya wuce awa 40 a mako a biya shi ninki ɗaya da rabi. Sai aka ware wa masu kashe gobara wani lissafi na dabam, saboda suna kwana a tasha suna jiran kira: su ba a fara ƙirga musu ƙarin lokaci sai sun wuce awa 212 a kwana 28, wato 53 a mako. Awa 13 ke nan kowane mako da birni ba ya biyan ƙari a kansu. To a can sau da yawa motar ɗaukar marasa lafiya a ƙarƙashin hukumar kwana-kwana take. Sai birane suka riƙa jefa ma'aikatan jinyar cikin lissafin 53, su kuwa suka ce yaushe rabonmu da riƙe mesar ruwa? A 1999 majalisar ƙasar ta fayyace cewa mai jinyar gaggawa yana shiga wannan rukuni ne idan an horar da shi kashe gobara, kuma yana da iko da alhakin yin hakan. Kalmar alhakin nan ce aka yi ta shari'a a kanta. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ma'aikatan Los Angeles gaskiya, domin duk da horon da suka samu, a motar marasa lafiya aka ajiye su, ba a tura su kashe wuta. Na Filadelfiya ma sun yi nasara a 2008. Amma a shekarar dai wata kotun ta kayar da na gundumar DeKalb a jihar Jojiya. Ina jin wannan ɗan yayanka bai gaya maka ba.

A nan ba mu da wannan cakuɗeɗen. Gobara aikin Difa'ul Madani ne, wato hukumar kare farar hula, agajin gaggawa kuma na Hilal Ahmar, wato hukumar Red Crescent ta Saudiyya, kowa da gidansa. Kai kuma ma'aikacin kamfani ne, dokar ƙwadago ta Saudiyya ce ke kanka, ba ta kuma bambanta ɗan ƙasa da mai iƙama a wannan batu ba. Sashe na 98 ya ce awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma 6 ko 36 ga Musulmi. Sashe na 107 ya ce kowace awa ta ƙari a biya ka kuɗin awarka da rabin kuɗin awa na gundarin albashi a kai. Aikin ranakun Sallah duka ƙarin lokaci ne.

Mu buga naka. Raba 3,600 gida 30, sannan gida 8, awarka riyal 15 ce. Rabin awa na gundarin albashi 6.25. Kowace awa ta ƙari 21.25 ke nan. Awa huɗu a kwana 26 sun ba da 104, kusan riyal 2,210 a wata. Masu asibitin za su cire lokacin salla da na cin abinci, domin doka ba ta ƙirga su cikin aiki, amma ko an cire, abin da ya rage ba na yafewa ba ne. Gyaran da ya fara aiki a 2025 ya ba su damar ba ka hutu maimakon kuɗi, sai dai da yardarka.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne shaida. Alƙali ba zai biya ka don ka rantse ka gaji ba. Tun yau ka riƙa ɗaukar hoton jadawalin aiki duk ranar da aka liƙa shi, ka ajiye saƙonnin WhatsApp da mudir, wato manaja, ke cewa ka tsaya, ka rubuta lokacin da ka danna basma, wato na'urar ɗaukar zanen yatsa, shiga da fita. Takardun fitar mota ma suna da lokaci a jiki, amma kada ka ɗauki hoton abin da ke da sunan mara lafiya, wannan wani laifin ne. Ka kuma buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, ka karanta kwantiragin da ka amince da shi, ka tabbata asibitin ne kafilinka, wato iƙamarka a ƙarƙashinsa take. In a wurin wani iƙamarka take, fara ganin lauya kafin ka buɗe baki.

Ni da kai ne, da zan fara rubuta wa ofishin ma'aikata takarda cikin ladabi, mu uku ko huɗu. In sun yi kunnen uwar shegu, sai ka shigar da koke ta intanet a sashen sulhu na ma'aikatar ƙwadago. Suna da kwanakin aiki 21 su sasanta ku, in abin ya faskara a wuce kotun ma'aikata, wadda ke zama tun 2018.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Idan ka bar aikin, wata 12 kawai gare ka ka kai ƙara. Kuma ranar sallama za su miƙo maka takardar mukhalasa mai cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka. Kada ka sa hannu sai kuɗin sun shiga asusunka, ko da mudir ya ce gobe-gobe.